Daga Madafa Zuwa Kasuwa: Kyan Jus Tun Daga Wanki Yake Farawa

Zafi ya kankama, mangwaro ya shigo kasuwa, kankana ta cika bakin hanya. A irin wannan lokaci ne da yawa cikinmu ke ɗaukar rance daga asusu don kama sana'ar jus da zoɓo da kunun aya, wasu kuma su yi wa maigida da yara a gida. Shi ya sa yau za mu tsaya a kan aikin da ake yi kafin a kunna injin markaɗe: zaɓe, wanki, fira da yanka.

Dalilinmu ɗaya ne. Jus ba kamar miya ba ne. Miya tana hawa wuta ta tafasa, wuta kuwa tana rufa wa mai girki asiri. Jus ɗin mangwaro ko na kankana ba ya ganin wuta ko kaɗan. Duk abin da ke jikin ɓawo, ko bakin wuƙa, ko ƙarƙashin farce, ko cikin ruwa, kai tsaye cikin mai sha zai tafi. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a 2018 ba, da wadda ta ratsa Maraɗi da Damagaram da Tawa har Yamai a 2021. Kwalara da taifod da zawon yara duk ta hanyar ruwa da abinci marar tsabta suke shiga. Ga kuma suna: ranar da aka ce a unguwa "jus ɗin wance ne ya ɓata wa yarona ciki", to ciniki ya mutu, rancen asusu kuwa yana nan yana jiran ranar biya.

A kasuwa ake farawa

Mai saye don jus tana da jarabawa guda: kayan da suka fara lalacewa sun fi araha, kuma zuciya kan ce ai markaɗawa za a yi, wa zai gani? To, araha ba ta ado. Mangwaron da ya nuna sosai ya yi laushi, shi ne ma mai kyau don jus, ya fi zaƙi, ya rage mana sukari. Amma wanda ya fashe, ko ya yi baƙin tabo mai ruwa, ko yake warin tsami kamar an yi jiƙo, ko ya yi hunhuna, wannan a bar wa mai shi. Abu mai laushi irin mangwaro, gwanda, gwaba da tumatir, idan hunhuna ta kama shi ta riga ta shiga ciki fiye da inda ido ke gani, yanke wurin ba ya isa. Abu mai tauri irin karas, shi ana iya yanke wurin da ya ɓaci tare da ɗan abin da ke kewaye da shi, a yi amfani da sauran.

Mu riƙa sa hanci, ba ido kaɗai ba. Mangwaron da ya nuna da kansa yana ƙamshi ta wajen gindinsa. Wanda aka tilasta wa nuna da dutsen nan na masu walda kuwa, baya ya yi rawaya shar, ciki da tauri da tsami, ba ƙamshi. Mangwaro mai aure ya fi tsoka, ya fi sauƙin tacewa. Ƙananan nan masu zare sun fi araha da zaƙi, sai dai aikinsu ya fi yawa.

Kankana a ɗaga ta a ji nauyi, a duba inda ta kwanta a ƙasa: idan wurin ya yi rawaya ta nuna, idan fari ne da saura. Kuma a sayi cikakkiya. Wadda aka riga aka yanka aka ajiye kan tire, ƙuda da ƙura suna bi, ba ta jus ba ce. Lemu mai nauyi a hannu shi ne mai ruwa, ko na Gaya ne ko na Timiya.

Kayan lambu kuwa, waɗanda muke kusa da garake, irin na Jiratawa da Mirriya da bakin gulbi, mu riƙa tambayar mai lambu yaushe ya yi feshin magani na ƙarshe. Ba faɗa ba ne, tambaya ce tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinki amfani, kuma a rubuce suke a jikin kwalbarsa.

Ruwa shi ne uwar tafiya

Idan muka duba da kyau, abin da ya fi yawa cikin kwalbar jus ruwa ne. Ruwan wanki, ruwan markaɗe, ruwan ɗauraye kwalba, da ƙanƙara. Doka ɗaya ce a nan: ruwan da ba za mu iya ba jariri ba, kada ya taɓa jus.

Ruwa yana iya fitowa daga famfo da tsabtarsa ya gurɓace a hanya, cikin jarkar ɗan garuwa da ba a wankewa, ko cikin randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu. Hanyoyin gyara biyu ne masu sauƙi. Ko a tafasa shi, ya yi tafasa sosai na aƙalla minti 1, a rufe ya huce. Ko a sa masa ƙwayar Aquatabs: wadda aka saba gani, ƙwaya 1 ce ga jarka mai lita 20 ta ruwa mai haske, a jira minti 30 kafin a taɓa. Idan ruwan yana da laka, a bari ya kwanta a tace shi da ƙyalle tukuna, a bi abin da fakiti ya ce. Masu amfani da ruwan jabel su lura, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga kwalba zuwa kwalba. A je gidan likita da kwalbar a hannu, ma'aikata su nuna awon, kuma kada a taɓa amfani da jabel mai turare.

Ƙanƙara fa? Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar kyau, idan ta narke cutar tana nan daram. Saboda haka ƙanƙarar da muka saya a waje, wurinta cikin kula, a gefen kwalabe. Wadda za ta shiga cikin jus, sai wadda muka ɗaura da kanmu da ruwan da muka gyara.

Yadda ake wankin

Hannu ne farko. Sabulu da ruwa mai zuba daga buta, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A cire zobe da awarwaro, a ɗaura kallabi. Wadda ta tsaya ta wanke wa yaro kashi, ko ta karɓi kuɗi, ko ta ɗauki waya, ta sake wankewa. Ranar da mace ke fama da zawo ko amai, ko tana da ƙurji a yatsa, ta bar aikin ga wata.

Sai wuƙa da katako da roba. Wuƙar da ta yanka kaza ko kifi, da katakon da aka sara nama a kai, ba su da hurumi a nan. In da hali, mu ware wuƙa ɗaya da faranti ɗaya da rariya ɗaya na jus kaɗai.

Yanzu ga inda aka fi yin sakaci. Wata za ta ce, me zai sa in wanke kankana ko lemu, tunda ba a cin ɓawon? Amsar tana bakin wuƙa. Kankana a ƙasa ta girma, a ƙasa aka jibge ta, hannaye nawa suka ƙwanƙwasa ta a kasuwa. Idan wuƙa ta ratsa ɓawo marar wanki, duk dattin da ke baya ta kai shi ciki. Don haka komai sai an wanke shi yana cikakke, kafin a yanka, kafin a fere. Bayan an yanka ba a wanki, don ruwa zai tafi da zaƙi da amfani, ya kuma shigar da datti.

A tanadi roba uku. Ta farko don fidda ƙasa: a cuɗa kowane da hannu, masu kaurin ɓawo irin kankana da abarba da karas a goge su da buroshi ko soso sabo da aka ware. Ta biyu ruwan da aka gyara, a sake wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ta uku rariya ce ko kwando, a zuba musu ruwa mai tsabta daga sama, a bari su tsane. Da ruwa ya canza launi a zubar a sake, kada a yi rowar ruwa a nan. Ba a sa sabulu ko omo a kan ƴaƴan itace, yana shiga ta ƙofofin ɓawo ya ɓata ɗanɗano da ciki. Ruwan gishiri ko ruwan khal da wasu ke jiƙa ganye a ciki yana taimakawa wajen fidda ƙwari, amma ba ya maye gurbin ruwa mai tsabta.

Kowane da irin gyaransa

Mangwaro: a wanke ruwan nan mai danƙo da ke gangarowa daga gindinsa, shi ne ke ƙona bakin yara. A fere ɓawon duka, a yanke tsokar daga ƙwallo. Idan masu zare ne, a matse su da hannu mai tsabta cikin ruwa kaɗan, a tace sau biyu.

Kankana: a yanke ɓawo, a fidda ƴaƴan gwargwadon iko. Ba ta buƙatar ƙarin ruwa, ita kanta kusan duka ruwa ce. Amma ita ce ta fi saurin lalacewa, a yi ta a ƙarshe, a sha ta a farko.

Lemun zaƙi da lemun tsami: a murza su kan faranti da tafin hannu kafin a raba biyu, sun fi ba da ruwa. Matsewa ta fi markaɗawa. Idan za a markaɗa, a cire farin nan na ciki da ƴaƴan, su ne ke kawo ɗaci. Ruwan lemu ko an yi shi da kyau, in ya daɗe a ajiye ɗaci yake yi, don haka ba a yinsa tun da safe don ciniki na yamma.

Gwaba: a yanke kai da gindi, a raba ta a duba tsutsa. Ƴaƴanta da tauri, a markaɗa kaɗan kawai don kada su farfashe su zama kamar yashi, sannan a tace.

Gwanda: a fere, a kwashe baƙaƙen ƴaƴan duka, suna da yaji. Ɗan lemun tsami yana kashe warin nan da wasu ba sa so.

Abarba: a cire idanun da bakin wuƙa. Ɓawonta kada a zubar, idan an goge shi da kyau a tafasa shi tare da zoɓo, ƙamshi ne kyauta.

Karas da betarab: su cikin ƙasa da taki suka fito, su suka fi kowa buƙatar goga. A yanke kai da wutsiya, a kankare, a ɗauraye. Wadda ba ta da inji ta goga su a magogi, ta matse cikin ƙyalle mai tsabta. A gaya wa masu saye cewa betarab na iya sa fitsari ya yi ja, ba jini ba ne, kada a tada hankali.

Kokwamba da gurji: a ɗanɗana ɗan gefe kafin a sa. Wanda ya yi ɗaci a jefar, guda ɗaya ya isa ya ɓata roba guda, kuma yana murɗa ciki.

Ɗanyar citta: ƙasa tana ɓoyewa a gaɓoɓinta. A karya ta gaɓa gaɓa, a wanke, a kankare da cokali maimakon wuƙa don kada a yi asarar tsoka. Na'ana'a kuma a tsinke ganye ɗaya ɗaya a wanke sau uku.

Busassun kayanmu na gida

Zoɓo da tsamiya da kuka da aya su ne jarin mafi yawanmu, don ba sa jiran lokaci. Zoɓo a tsince shi, a ɗauraye da sauri don fidda yashi, sannan a tafasa. Tafasar nan kariya ce, amma kariyar ta ƙare da zarar an sirka da ɗanyen ruwa ko an tsoma hannu. Masu jefa kanwa don kashe tsami su sani tana baƙanta launi, tana kashe bitamin C, kuma zoɓon ya fi saurin lalacewa, domin tsamin nan yana cikin abin da ke tsare shi. Gara a rage tsamin da abarba ko dabino. Kuma abu mai tsami irin zoɓo da tsamiya kada ya kwana cikin tukunyar alminiyam, a juye cikin roba mai murfi.

Tsamiya a jiƙa ta da ruwan zafi. Garin ƙwamen kuka kuwa a jiƙa da ruwa mai sanyi wanda aka gyara, don zafi yana rage bitamin C da yake da shi mai yawa.

Aya, wadda ƙasar Maraɗi ta yi suna da nomanta, tana son haƙuri. A tsince duwatsu da waɗanda suka yi baƙi ko hunhuna, a surfa, a rege, a jiƙa ta kwana, a zubar da ruwan jiƙon a sake wankewa. Idan injin unguwa za a kai, a tafi da ruwan gida, a sa a wanke injin a gabanmu, kuma a yi ƙoƙari a zama na farko da safe kafin masu tattasai da wake. Kunun aya ba ya yafiya, awa kaɗan a cikin zafi ya isa ya yi tsami.

Tata da ɗurawa

A yanka daidai lokacin da za a markaɗa. Yankakken abu da ke zaune yana jiran wuta ta dawo, iska na cin amfaninsa, ƙuda na cin rabonsu. Matsa lemun tsami kaɗan yana hana launi dushewa.

Ƙyallen tata a wanke shi da sabulu, a tafasa shi, a shanya a rana, ba a kan dangar bayan gida ba. Injin markaɗe a kwance shi a wanke har ƙarƙashin wuƙaƙen, nan ne tsohon jus ke maƙalewa.

Kwalaben da muke saye a hannun yara masu tsinta, ba mu san me suka ɗauka a baya ba. Duk wadda ke warin fetur, ko magani, ko fiya-fiya, a jefar, wanki ba ya fidda shi. Sauran a wanke ciki da buroshi da sabulu, har murfi, a ɗauraye da ruwan da aka gyara, a kife su tsane. Masu ƙullawa a leda, don Allah a daina hura ledar da baki. A murza bakinta da yatsu, za ta buɗe.

Zafi da lokaci

Masana abinci sun ce abu irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje ba sanyi, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu kan wuce digiri 40. Ke nan daga tata sai firigo ko kula mai ƙanƙara. Ko a firigo, jus ɗin ɗanyen kaya ya fi kyau a shanye shi a ranar, in ya daɗe washegari. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe har kwalabe suka huce, ko kwalba ta kumbura, ko ta yi kumfa da "tsss" in an buɗe, a zubar. Kada a ƙara sukari a ɓoye tsamin, kada kuma a haɗa na jiya da na yau.

Wa zai sha?

Jariri ɗan ƙasa da wata 6, nonon uwa kaɗai. Kafin ya cika shekara 1 ba a ba shi jus, ba a kuma ba shi zuma. A dama masa tsokar mangwaro ko gwanda da cokali, ta fi masa amfani. Mangwaro da gwanda da karas suna da bitamin A mai taimakon ido. Lemu da gwaba da kuka suna da bitamin C, wanda ke taimakon jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, abin da masu juna biyu da masu jego ke buƙata don ƙarin jini. Masu ciwon sukari kuwa, jus ko ba a sa masa sukari ba yana ɗaga sukarin jini da sauri, gara su ci ɗan itacen da kansa, daidai yadda likita ya tsara musu.

Mu zauna mu yi lissafi

Ɓawo da ƙwallo da dusa duk da kuɗinmu muka saye su, amma ba sa shiga kwalba. Don haka lissafi bayan fira ake yinsa, ba a kasuwa ba. Ga misali, kowa ta sa farashin garinsu. A ce mangwaro na sefa 2000, sukari 500, ƙanƙara 300, kwalabe 400, sabulu da Aquatabs 200, kuɗin hanya 300. Jimla 3700. Idan aka samu kwalba 30, kowace a dala talatin, wato sefa 150, ciniki ya kama 4500, riba 800. Amma idan kwalba 5 kacal suka lalace ko suka yi kwantai, ciniki ya dawo 3750, riba 50. Kun ga ke nan kusan duk ribar tana cikin kwalaben nan biyar. Kuɗin sabulu da gyaran ruwa su ne mafi ƙanƙanta a lissafin, kuma su ne ke tsare sauran.

Shawararmu ga sababbin shiga ita ce a fara da kaɗan, abin da za a iya sayarwa a yini ɗaya, a ƙara sannu a hankali. Ƙungiya kuma tana iya sayen kula babba, ko buhun aya, ko kwalin sukari a haɗe, a raba, ya fi sauƙi. A zaman mako mai zuwa, bayan an gama zubi, a ware minti goma: wadda ta fi gwanancewa ta kawo robobinta uku ta nuna wankin a gaban kowa. Gani ya kori ji.

A fitowa ta gaba za mu duba yadda ake busar da mangwaro da tumatir lokacin da suke araha, don a ci moriyarsu bayan sun yi tsada. Wadda ke da wata dubara ta aiko mana ta hannun shugabar ƙungiyarsu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana lafiyar iyali. Sai mun sake haɗuwa.